Tambaya da Amsa: Fatsa da Koton Roba a Ruwa Mai Ciyawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ƙanena da ke karatu a Faransa ya aiko mini da sandar fatsa da wani ɗan akwati cike da kifayen roba da na ƙarfe. Ya ce da su suke kama wani kifi mai dogon baki da Faransawa ke kira buroshe, mutanen Ingila kuma faik, a tafkunan da ba su da zurfi kuma ciyawa ta cika su. Na kai kayan tafkin Madarunfa na gwada, amma duk jifan da na yi sai ƙugiya ta dawo mini da ciyawa, har waɗansu suka maƙale na baro su can. Masunta kuma sun ce mini kifinmu ba ya cin roba. Shin akwai wannan kifi a ruwanmu? Idan babu, kayan nan suna da amfani gare ni, ko in ajiye su kawai?

Mai karatu daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya saka wa ƙanenka da alheri, ya ba shi sa'ar karatu.

Wannan kifi, wanda masana ke kira Esox lucius, babu shi a tafkin Madarunfa, babu shi a kogin Kwara, babu shi a tafkin Cadi. Kifin ƙasashen sanyi ne, na Turai da arewacin Asiya da Kanada da arewacin Amurka. Yana yin ƙwai ne bayan ƙanƙara ta narke, lokacin da ɗumin ruwa yake tsakanin digiri 6 da 14, sai ya shiga ciyawar da ambaliya ta rufe ya zuba ƙwansa su manne a jikinta. Idan ɗumin ruwa ya haura digiri 20 da ɗoriya yakan fara galabaita, yana dosar 30 kuma sai mutuwa, ruwanmu marar zurfi kuwa yakan kai haka a bazara. Saboda haka ko tunanin kawo ƴaƴansa a zuba a nan bai taso ba. Amma kada ka ajiye kayanka, domin dabarar da aka ƙera su dominta tana aiki a kan duk kifin da ke farauta da kwanton ɓauna, mu ma kuwa muna da irinsu.

Ya kamata ka fahimci yadda wannan kifi yake cin abinci, domin daga nan dabarar ta samo asali. Jikinsa dogo ne siriri, launinsa kore mai ɗigo-ɗigo wanda ke ɓacewa cikin ciyawa, fikafikansa na baya da na ƙasa kuma sun koma can kusa da wutsiya, abin da ke ba shi damar zabura daga tsaye cikin ƙiftawar ido. Ba ya yawon bin kifi. Yakan laɓe ne a gefen ciyawa ya yi shiru, kamar kyanwa a bakin rumbu, har sai ƙaramin kifi ko kwaɗo ya gifta kusa, sannan ya kai masa cafka ta gefe, ya juya shi ya haɗiye ta kai. Da ido yake ganin abin da zai kama, sannan akwai wani layi da ya bi gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya wanda da shi yake jin motsin ruwa ko da bai ga mai motsin ba. Koton roba ba shi da ƙanshi, ba shi da ɗanɗano. Abin da yake da shi kawai shi ne walƙiya da motsi, don haka kifin da zai yaudara shi ne mai kai hari kafin ya sansana. Mafi girman faik da aka amince da shi a tarihin masu fatsa na duniya mai kilo 25 ne, an kama shi a Jamus a 1986.

A nan ne maganar masuntan da ka haɗu da su take da gaskiya ta wani ɓangare, kuma bai kamata ka raina ta ba. Mafi yawan abin da suke kamawa karfasa ce da tarwaɗa da bargi. Karfasa tana cin gansakuka da ƙananan halittu, bargi yana tace laka da ruwa, tarwaɗa kuma ta fi dogara da gashin bakinta da ƙanshi, ko da yake takan kai wa roba hari jefi-jefi idan ta ji motsi kusa da ita. Wanda ya shafe rayuwarsa da waɗannan dole ya ce kifi ba ya cin roba. Sai dai a ruwayen Afirka ta Yamma akwai mafarauta irin su tsage mai haƙora a waje, da tufi da ke zama cikin ciyawa mai kauri yana leƙowa sama ya shaƙi iska, da zagundumi wanda ya yi kama da faik a siffa da hali duk da cewa a dangi ya fi kusa da tsage. Waɗannan sun fi yawa a manyan koguna da fadamunsu. Wanda ya shafe ka kai tsaye a Madarunfa shi ne giwan ruwa. Babbarsa na iya wuce kilo 100 a manyan tafkuna kuma tana son zurfi, amma ƙanana da matsakaita suna zama a gefen ciyawa suna tsintar ƴaƴan karfasa, kuma masu fatsa da roba a Afirka sun san su da son sa.

Yanzu sai batun maƙalewa, wanda shi ne ainihin abin da ya dame ka. Ka buɗe akwatin ka raba kayan gida biyu. Kashi na farko su ne kifayen katako ko na roba mai tauri, masu ɗan harshe a ƙarƙashin baki, ɗauke da ƙugiya mai baki uku guda biyu ko uku. Ɗaya daga cikin mashahuran irin waɗannan asalinsa yana komawa ga wani masunci ɗan ƙasar Finlan, Lauri Rapala, wanda a 1936 ya sassaƙa nasa na farko da ɓawon itace, ya naɗe shi da takardar azurfa, bayan ya lura cewa manyan kifaye a tafkin Payanne sukan zaɓi ƙaramin kifin da ke tangaɗi daga cikin garke. Koto ne mai kyau ƙwarai, amma harshen nan aikinsa shi ne ya nutsar da shi ƙasa idan ka ja, ƙugiyoyin kuma a buɗe suke ta kowane gefe, don haka jefa shi cikin ciyawa asara ce tun kafin ya faɗi. Ina kyautata zaton irinsu ne ka baro a tafki. Ka ajiye su don sararin ruwa.

Kashi na biyu su ne waɗanda aka yi domin ciyawa. Akwai kifin roba mai laushi wanda ake sa wa ƙugiya guda ɗaya mai faɗin ciki da ɗan lanƙwasa kusa da idonta. Ga yadda ake ɗaura shi: ka soka tsinin ƙugiyar a tsakiyar hancin robar, ka fito da shi ta ƙarƙashin haɓa bayan kamar rabin santimita, ka zare ƙugiyar gaba ɗaya har lanƙwasar nan ta zauna cikin kan, sannan ka juya ta, ka auna inda za ta faɗa a jiki, ka soka ta daga ciki ta fito ta gadon baya. Daga nan sai ka ɗan ja fatar robar gaba ka tura tsinin ƙarƙashinta kaɗan. Ka shafa yatsanka a bayan kifin: idan bai karce ka ba, ciyawa ma ba za ta kama shi ba, idan kuwa kifi ya danne shi da baki, robar za ta lotsa tsinin ya fito. Ka tabbata robar ta miƙe sak a kan ƙugiyar, domin idan ta karkace za ta riƙa juyawa tana murɗe maka zare. Akwai kuma kwaɗon roba mai rami a ciki, wanda ƙugiyoyinsa biyu ke kwance a bayansa suna kallon sama, ana jan sa a kan ganyen bado. Akwai cokalin ƙarfe mai ƙugiya ɗaya da ɗan siririn ƙarfe da ya tare tsininta. Akwai kuma wani mai waya a lanƙwashe, faifai mai juyawa a sama, ƙugiya mai gashin roba a ƙasa, wanda wayar ke buɗa masa hanya tsakanin karan kacalla. Idan akwai ko ɗaya daga cikin waɗannan a akwatinka, da shi za ka fara.

Wurin da za ka jefa ya fi koton da ka ɗaura muhimmanci, kuma a nan ne nake son ka fi ba da hankalinka. Mafarauci ba ya zama a tsakiyar cunkoson ciyawa inda ba zai ga komai ba, ba ya kuma zama a fili inda kowa zai gan shi. Yana zama ne a kan iyaka, wato inda ciyawa ta ƙare sararin ruwa ya fara, ko a ƴan ramukan da ke tsakanin ganyen bado, ko a bakin hanyar da kwalekwale ya saba bi har ta zama lungu, ko a gindin itacen da ruwa ya ci. Maimakon ka tsaya ka jefa can tsakiyar tafki, ka nemi inda za ka tsaya ta yadda koton zai bi tsawon iyakar ciyawar, tazararsa da ita ba ta wuce kamu ɗaya ba, domin ta haka zai gifta gaban kifaye da yawa a jifa guda. Ka kuma dubi ciyawar kanta. Koriya mai rai tana ba ruwa iska da rana kuma tana tara ƙananan kifaye, wadda ta yi ja ta fara ruɓewa kuwa tana cinye iskar ruwan. Tarwaɗa da tufi suna iya jure wannan saboda suna shaƙar iska daga sama, amma giwan ruwa ba ta iyawa, don haka ita a gefen waje za ka neme ta, inda iska ke kaɗa ruwa.

A ruwan da bai wuce ƙugu ba, ka fara naɗe zare da zarar koto ya taɓa ruwa, kan sandarka a ɗage, domin kada ya sami damar nutsewa cikin ciyawar ƙasa. Kada ka riƙa ja da sauri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Ka ja, ka ɗan dakata daƙiƙa ɗaya ko biyu a bakin rami ya yi kamar zai faɗi, sannan ka ci gaba, domin hari da yawa a wannan dakatawar suke zuwa. Idan ka ji ciyawa ta kama shi, ka fizga sandar sama da ƙarfi sau ɗaya ta tsinke. Ka kuma riƙa takawa a hankali a bakin ruwa, kada inuwarka ta faɗa inda za ka jefa, domin a ruwa marar zurfi kifi yana jin takun mutum.

Lokacin shekara ma yana da nasa hukunci. Tafkin Madarunfa yana samun ruwansa ne daga Gulbin Maraɗi da Gulbin Gabi, kuma da damina ruwan yakan zo jajir da laka, ta yadda kifi ba zai ga abin da ke gabansa ba. A irin wannan ruwa sai mai faifai mai juyawa, wanda ake jin motsinsa, ko mai launi mai ƙarfi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga kaka, bayan laka ta kwanta, ƴaƴan kifin bana kuma sun cika gefen ciyawa. Ka tsoma hannunka zuwa gwiwar hannu: idan kana ganin yatsunka, ruwan ya isa a yi fatsa da roba. Kada kuma ka ɗauki lokutan da ƙanenka zai gaya maka ka ɗora a nan. Faik yana ci har a ƙarƙashin ƙanƙara, kifinmu kuwa sanyin hunturu yana kashe masa jiki, don haka a watannin Disamba da Janairu gara ka jira hantsi ko yamma, idan ruwa ya ɗan yi ɗumi. A sauran lokuta, sassafe da bayan la'asar zuwa faɗuwar rana sun fi.

Idan harin ya zo a saman ruwa za ka ga ruwa ya tashi, ganyen bado ya buɗe, kuma hannunka zai so ya fizga nan take. Ka daure har sai ka ji nauyin kifin a sandar, sannan ka ɗaga da ƙarfi, domin wanda ya fizga da ganin fantsamar ruwa yakan zare koton ne daga bakin kifi. Da ya kamu, ka ɗago kansa ka fitar da shi daga ciyawa kafin ya naɗe zaren a gindinta. Wannan yana buƙatar zare mai ƙarfi, kuma saƙaƙƙen zare ya fi lailon a nan, domin ba ya miƙewa kuma yana yanka ciyawa. Turawa suna ɗaura wayar ƙarfe mai tsawon santimita 20 zuwa 30 a gaban koto saboda haƙoran faik, kai ma za ka buƙace ta idan ka je ruwan da ke da tsage. Haƙoran giwan ruwa ƙanana ne, amma murfin da ke gefen kanta yana da kaifi, don haka ka sa mata guntun lailon mai kauri, ka kuma kula da yatsunka idan za ka ɗauke ta. Ka riƙe filaya mai dogon baki don cire ƙugiya.

Kafin duk wannan, ka fara zuwa gaishe da sarkin ruwa ka gaya masa abin da ya kawo ka. Tafkin nan abincin gidaje da yawa ne, akwai ragar kalli da mamari, wato dogon zare mai ƙugiyoyi da yawa, a shimfiɗe a wuraren da kai ba za ka gani ba, kuma ƙugiyarka na iya yaga wa wani kayan sana'arsa. Ka kuma je ofishin ma'aikatan ruwa da gandun daji ka nemi takardar izini, domin kamun kifi a Nijar yana da dokarsa da ƙa'idojinsa, tafkin kuma ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Ina kuma roƙonka ka riƙa mayar da ƙananan giwan ruwa da hannu jiƙaƙƙe. A Faransa doka ce ta hana ɗaukar faik da bai kai santimita 50 ba, a wasu jihohin ma 60, ta kuma rufe kamunsa daga ƙarshen Janairu zuwa ƙarshen Afrilu don ya yi ƙwai, shi ya sa har yau ƙanenka yake samun abin kamawa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗan masunta ne, kuma na ga baƙi suna fatsa da wani ƙarfe mai walƙiya. Ba ni da halin sayen irinsa. Ana iya ƙera shi a gida?

Wani matashi daga Madarunfa

AMSA: Barka kadai, samari. Ana iyawa, kuma wanda ka ƙera da hannunka zai iya kama kifi daidai da na kanti. Ka sami cokalin shayi na ƙarfe marar tsatsa, ka yanke mariƙinsa, ka goge wurin yankan da magagari har ya yi santsi. Ka huda shi a kai da gindi. A hudar da ke ɓangaren siriri ka sa zobe da ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ke hana zare murɗewa, a ɗaya hudar kuma ka sa zobe da ƙugiya. Idan cikin ciyawa za ka yi aiki da shi, ka kai wa mai walda ya manne maka ƙugiya guda ɗaya a cikin ramin cokalin, tsininta na kallon sama, tare da sili ɗaya na wayar birkin keke da zai tashi daga kai ya tsaya daidai saman tsinin. Silin ya zama mai taurin da zai ture ciyawa, mai laushin da zai lotsa idan ka danna shi da yatsa. Ka goge bayan cokalin da toka ya yi ƙyalli, ka ɗaura ɗan jan zare ko tsinken roba a ƙugiyar.

Ka gwada shi a ruwa mai haske kusa da ƙafarka kafin ka jefa nesa. Abin da ake so shi ne ya riƙa tangaɗi hagu da dama. Idan yana juyawa gaba ɗaya, ko dai ka cika sauri ko ramin ya yi zurfi, sai ka ɗan buga shi da guduma ya baje. Ka dai sani cewa wannan fatsa kifi ɗaya-ɗaya take kamawa, ba za ta maye maka gurbin kalli da birgi wajen ciyar da gida ba. Amfaninta gare ka shi ne tana shiga inda raga ba ta shiga, tana kuma zaɓo kifi mai tsada, kai kuma ka riga baƙin nan sanin inda giwan ruwa take kwana.

TAMBAYA: Malam, ɗana ya kamu da son wannan fatsa, kullum yana cikin ruwa har ƙugu tsakanin ciyawa. Hankalina bai kwanta ba. Akwai haɗari?

Wata uwa daga unguwar Zariya, Maraɗi

AMSA: Hajiya, damuwarki tana kan hanya. Babban haɗarin shi ne tsargiya, wato ciwon fitsarin jini. Ƙwayar cutar tana girma ne a jikin ƙananan katantanwa da ke manne da ciyawar ruwa marar gudu, sannan ta fito ta huda fatar mutum ba tare da ya ji ba, kuma ta fi fitowa da tsakar rana. Turawan da yake kwaikwaya suna shiga ruwa ne da dogon wandon roba mai haɗe da takalmi, kuma wannan cuta ba ta yaɗu a ƙasashensu ba. Ki sa shi ya riƙa jifa daga tudu ko daga cikin kwalekwale tare da wanda ya iya ruwa, domin laka da saiwar bado suna riƙe ƙafa. Idan ya zama dole ya taka ruwa, ya sa dogon takalmin roba. Tunda ya riga ya daɗe yana shiga, ki kai shi likita a auna fitsarinsa ko da bai ga jini ba, domin cutar takan daɗe a jiki kafin ta nuna kanta. Maganinta, firazikwantel, ƙwaya ce da ake bayarwa gwargwadon nauyin mutum ko tsawonsa, amma ba ta hana sake kamuwa, don haka idan ya koma cikin ruwan sai an sake aunawa. Ki kuma tabbata ya yi allurar rigakafin sarƙewar haƙora, ya danne kunnen ƙugiyoyinsa da filaya, domin idan ƙugiya ta shiga yatsa ta fita ba tare da an tsaga ba.